Shajaratud Durr: Wasiƙar Halifa Ce Ta Sauke Ta Ko Takubban Sham?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya bayan muhawarar da ake ta yi kan shugabancin mata: an taɓa ambaton sunan mace a huɗubar Juma'a a matsayin mai mulki? An taɓa, a Masar, shekarar 1250.

Shajaratud Durr baiwa ce da Sarki Salihu Ayyub ya 'yanta ya aura. A watan Nuwamban 1249 ajali ya riske shi a Mansura, rundunar Sarkin Faransa Luwis na 9 kuwa ta riga ta kama Dimyaɗ. Sai ta rufe bakin fada. Ana kai abinci ɗakin sarki kamar kullum, takardun umarni na fita da sa hannunsa, har magajinsa Turanshah ya iso. Aka ci Faransawa da yaƙi, aka kama Luwis. Turanshah ya fara yi wa sojojin Mamluk, bayin marigayi sarkin, barazana, suka kashe shi a watan Mayu, suka naɗa matar ubangidansu. Aka buga kuɗi da laƙabinta na Uwar Halil.

Kwana 80 ta yi, ko kusa da haka. Me ya sauke ta?

Labarin da ya fi yawo shi ne Halifa Musta'asim ya aiko daga Bagadaza da gatse, wai in maza sun ƙare a Masar a faɗa masa ya turo. Zance ne mai daɗin ji, shi ya sa masu wa'azi ba sa gajiya da shi. Amma a littattafan na baya ya yi ƙarfi, irin su Maƙrizi wanda ya rasu a 1442. Ni dai na fi gamsuwa da abin da ke faruwa a Sham a lokacin. Dangin Ayyubawa sun ƙi yarda bayi su ƙwace gadonsu, Nasiru Yusuf na Halab ya shige Dimashƙa yana shirin abkawa Masar. Sarakunan yaƙin Masar na neman wanda zai hau doki ya ja runduna, shi ne aka ɗaura mata aure da Aibak, ɗaya daga cikinsu, aka ba shi sarauta. Kasancewarta mace ya ba maƙiya abin faɗi, babu musu, amma halifan da ke riƙe da garinsa da ƙyar ba shi da ƙarfin tuɓe kowa a Alƙahira.

Shekara 7 tana juya al'amura daga cikin gida. A 1257 Aibak ya nemi auren 'yar sarkin Mausil, ta sa aka kashe shi a wurin wanka. Ba a jima ba ita ma aka kashe ta. Ana cewa kuyangin uwargidan Aibak ne suka yi mata dukan mutuwa da takalman katako. Daular Mamluk da ta faro daga hannunta ta riƙe Masar har 1517.