AMSAR TAMBAYOYINKU: Yaya Wake Da Shinkafa Da Miyar Kuɓewa Suka Je Kudancin Amurka?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi a ƙasar Ɗambatta. Ga abin da ya rubuto:

"Ƙanena yana karatu a jihar Jojiya ta Amurka. Ya ba ni labari wai wani abokin karatunsa baƙar fata ya kai shi gidansu, mahaifiyar yaron ta kawo musu wake da shinkafa da miyar kuɓewa da wani dafaffen ganye, ta ce abincin kakanninsu ne. Ni kuwa a zatona mutanen can ba su san komai ba sai burodi da shayi. A ina suka samo abincinmu? Kuma yaya suke dafa shi, ko uwargida ta gwada?"

To Malam, madalla da wannan tambaya. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba. Amma kafin mu shiga kicin sai ka gyara zama, don labarin tukunyar nan ya fi shekara 400.

Da farko, idan an ce Kudancin Amurka a nan, ba nahiyar da Brazil take ake nufi ba. Ana nufin jihohin kudu na ita ƙasar Amurkar, irin su Bajiniya, Karolina ta Arewa da ta Kudu, Jojiya, Alabama, Misisifi da Luwiziyana. Ƙasa ce mai zafi da ruwan sama da fadamu, inda Turawa suka buɗe manya-manyan gandaye na taba da shinkafa da rake, daga baya kuma auduga. Gandu kuwa sai da hannu, su kuma ba su son biyan lada. Sai suka koma sayen mutane. A shekarar 1619 aka sauke 'yan Afirka na farko a Bajiniya, su wajen 20. A tsawon cinikin bayi ta teku an loda mutum kimanin miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa daga Afirka. Mafi yawansu Brazil da tsibiran Karebiyan aka kai su. Waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka sun kusa dubu 400, har zuwa 1808 da doka ta hana shigo da sababbi.

Bari mu fara da shinkafa. Turawan Ingila sun kafa garin Charleston a Karolina a 1670. Ƙasarsu ta asali ba ta noman shinkafa, ba su san kanta ba. Mutanen Senegal da Gambiya da Gini da Saliyo kuwa sun gaji nomanta kaka da kakanni, sun san yadda ake tare ruwa a fadama, a sake shi in lokaci ya yi. Saboda haka masu gandun Karolina suka riƙa neman bayi daga wannan yanki musamman. Da turmi da taɓarya aka riƙa surfa shinkafar Karolina, matan kuma suna bakace da faifan da suka saƙa da hannunsu, kamar dai yadda ka sani a tsakar gidanka. Jikokin waɗannan mutane, da ake kira Gullah, suna nan a gaɓar tekun Karolina da Jojiya, kuma har yau shinkafa ce ginshiƙin abincinsu.

To me bawa yake ci? A yawancin gandaye, duk mako ana auna wa babban mutum garin masara kamar lita 9, da naman alade mai gishiri kamar kilo 1 da rabi, galibinsa kitse. Wannan ba ya riƙe mai aikin ƙarfi. Don haka a wurare da dama aka bar su su yi 'yar gayauna a bayan bukka, su nome ta in sun tashi daga aikin ubangida. A wannan gayauna ce irin Afirka ya samu wurin zama: wake, kuɓewa, riɗi, dawa, kankana. An kawo su ne a jiragen bayi, wasu a cikin guzurin da ake ciyar da mutanen a kan hanya. Gyaɗa kuwa asalinta nahiyar Amurka ta Kudu ce, Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka, daga nan ta sake tsallake teku ta bi bayi. Masara ita ce abincin jajayen Indiyawa, 'yan asalin ƙasar, wajensu kowa ya koya.

Ko sunayen ma ba su ɓace ba. Shahararriyar miyar Luwiziyana sunanta gumbo, daga ngombo, wato kuɓewa a harsunan Angola. Riɗi a Karolina benne ake ce masa, suna ne daga Afirka ta Yamma. Su kuwa masu dafa wa maigandu da iyalinsa abinci, ai matan nan ne bayi. A haka hannunsu ya shiga tukunyar babban gida. Littafin girke-girke da wata Baturiya 'yar Bajiniya, Mary Randolph, ta fitar a 1824 yana ɗauke da miyar kuɓewa. Wani kuma na Sarah Rutledge da ya fito a Charleston a 1847 ya kawo dahuwar wake da shinkafa, wadda suke kira Hoppin' John. A 1881 kuma wata baƙar fata mai suna Abby Fisher, wadda aka haifa cikin bauta, ta fitar da nata littafin. Ba ta iya karatu da rubutu ba, faɗa take yi ana rubutawa.

Akwai wani labari da na san zai taɓa maka zuciya. A cikin bayin nan akwai Musulmi, har da masu ilmi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bilali Muhammad, mutumin Timbo ta Futa Jallon, wanda ya zauna a tsibirin Sapelo a jihar da ƙanenka yake, kuma ya bar rubutu da Larabci mai shafi 13. A ƙarshen shekarun 1930 aka yi hira da zuriyarsa, suka ba da labarin wata 'yarsa da takan jiƙa shinkafa ta kwana, ta daka a turmi, ta sa zuma, ta dunƙula, ta tara yara ta raba musu bayan an ce amin. Sunan abin a bakinsu saraka. Malam, wannan ai gumbar sadaka ce.

In ka ce ko Hausawa ne suka kai, sai in ce maka akasarin bayin Amurka daga Senegal da Gambiya, Saliyo, ƙasar Gana ta yau, ƙasar Ibo, Kwango da Angola aka kwaso su. Hausawan da tsautsayin ya faɗa wa sun fi yawa a Bahiya ta Brazil, inda har yau ake dafa wani abinci da ma'anar sunansa ita ce shinkafar Hausa.

Yanzu ga ɓangaren da nake son manoma su buɗe kunne. An yi yaƙin basasa a Amurka daga 1861 zuwa 1865, aka soke bauta. Amma 'yanci ba gona, wahala ce sabuwa. Baƙaƙe da talakawan Turawa da yawa suka shiga noman kashi-mu-raba: mai ƙasa ya ba ka gona, ɗan kasuwa ya ba ka bashin iri da abinci, da kaka a raba amfani a cire bashi. Masu ba da bashin nan auduga kawai suke so, don ita ce kuɗi. Sai aka shuka auduga har bakin ƙofa, gayauna ta mutu. Abincin iyali ya koma garin masara da kitse da maɗin rake, safe da dare.

Ba a daɗe ba wata cuta ta ɓulla, ana kiranta felagira. Fatar hannu da wuya da duk inda rana ke duka ta yi baƙi ta yi kaushi, ga gudawa, ga ruɗewar hankali, ƙarshe mutuwa. Tsakanin 1906 da 1940 an ƙiyasta ta kama mutum miliyan 3, ta kashe kimanin dubu 100. Mutane suka ɗauka annoba ce mai yaɗuwa. A 1914 gwamnati ta tura wani likita, Joseph Goldberger, ya bincika. Ya lura a gidajen marayu da asibitoci mazauna ne ke kamuwa, ma'aikata kuwa lafiya lau. Ya ƙara wa marayun Misisifi madara da ƙwai da nama da wake, cutar ta kau. Ashe yunwa ce ta ɓoye: ciki a cike, jiki a rame. A 1937 aka gano sinadarin da ya yi ƙaranci, wato nayasin. Su jajayen Indiyawa da ruwan toka suke dafa masararsu, wannan kan fito da sinadarin jiki ya amfana. Waɗanda suka ɗauki masarar ba su riƙe dabarar yadda ya kamata ba.

Ana cikin haka ga wani ƙwaron auduga ya shigo Teksas daga Meziko a 1892, ya bi gonaki jiha bayan jiha yana cinye ƙwallon kafin ya fashe. A wannan zamani ne aka san George Washington Carver, masanin noma baƙar fata, shi ma haifaffen bauta, wanda ya fara koyarwa a makarantar Tuskegee ta Alabama a 1896. Kiransa ga ƙananan manoma shi ne: auduga ta tsotse ƙasarku, ku riƙa canza shuka, ku sa wake da gyaɗa da dankali, don wake da gyaɗa suna mayar wa ƙasa ƙarfinta, kuma iyali su samu na ci. A 1916 ya fitar da ɗan littafi mai hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa. Mutanen garin Enterprise a Alabama da suka koma noman gyaɗa suka ga alheri, har a 1919 suka kafa wa ƙwaron gunkin tunawa a tsakiyar gari, wai shi ya tilasta musu barin dogaro da shuka ɗaya.

Daga wajen 1916 zuwa 1970 baƙaƙe kimanin miliyan 6 suka bar kudu zuwa biranen arewa da yamma, suka tafi da girkinsu, shi ya sa yau ana samunsa ko'ina a Amurka.

To, saura na uwargida. Sai dai a sani, su can sun saba sa naman alade, mu kuwa haramun ne gare mu. Bandar naman sa ko ta kifi ta wadatar. Su kansu da yawa yanzu bandar talotalo suke sawa.

Wake da shinkafa: gwangwanin wake 1, na shinkafa 1, daidai wa daida kamar yadda littafin 1847 ya auna. A dafa wake da bandar nama da albasa da tattasai ko attarugu har ya kusa nuna. Kada a zubar da ruwan, a cikinsa za a zuba shinkafa, a sa gishiri, a rage wuta har ta tsotse. Bambancinsa da garau-garau shi ne romon naman yana cikin dahuwar, ba sai an bi da mai da yaji ba. Sun fi cinsa ranar 1 ga Janairu, suna camfin yana kawo arziki. Camfin nasu ne, girkin dai ya yi daɗi.

Miyar kuɓewa irin ta Luwiziyana: a soya fulawa ludayi 1 a mai ludayi 1, ana juyawa ba tsayawa har ta yi ja kamar gyaɗar da aka soya. Wannan dabarar Faransawa ce, don su suka mallaki yankin kafin su sayar wa Amurka a 1803. A zuba albasa da tattasai, sai ɗanyar kuɓewa yankakka, sai romo da naman kaza. A bar ta a ƙaramar wuta kamar awa 1, a ci da farar shinkafa.

Wainar masara: garin masara gwangwani 2, ƙwai 1, gishiri, bekin foda ƙaramin cokali 1, a kwaɓa da nono har ya yi kaurin ƙullun waina, a soya a kasko da ɗan mai, a juya ɗaya gefen.

Ganyen da ƙanenka ya ci kuwa wani dangin kabeji ne da ba ya dunƙulewa. Ana dafa shi da albasa da bandar nama har ya yi laushi. In babu shi, alayyahu ko zogale sa yi. Su ba sa zubar da romon ganyen, da shi suke tsoma wainar masara, don amfani mai yawa yana cikinsa.

Malam, kai da kake manomi kuma ɗan kasuwa, ka san Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye. Amma ka san gidaje nawa ne a ƙauyukanmu da kaka tana yi a kwashe wake da gyaɗa kaf a kai kasuwa, yara su wuni kan tuwon masara da miya tsararo har wata damina. Abin da ya sami talakawan Kudancin Amurka ya ishe mu ishara. A sayar, ba a hana ba, amma a ware buhun gida kafin a kira mai mota, kuma a bar wa uwargida gefen gonarta na kuɓewa da ganye.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A gai da ɗalibinmu na Jojiya, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Masu tambaya su ci gaba da aiko mana da wasiƙunsu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.