Lambar da masana suka yi shekaru suna gudu

A hutun da ya wuce, ɗiyar yayana da ke ajin ƙarshe na lise a Damagaram ta zo gida Gaffati ranta a ɓace. An shiga darasin lambobin kwamfileks, waɗanda ni nake kira tagwayen lambobi. Malami ya ce akwai wata lamba, i, wadda in ka ninka ta da kanta sai ka sami −1. Ta ce abin bai shiga kanta ba, ga bak ta ƙarato. Ubanta har ya fara cewa ƙila ba ta da kan lissafi.

Na ce masa: Yaya, yi haƙuri, waɗanda suka fi ta ma sun yi turjiya. A 1545 Kardano, wani likita ɗan Italiya, ya nemi raba 10 gida biyu ta yadda in an ninka su za a sami 40. Amsar ta fito 5 + √−15 da 5 − √−15. Ya ga lissafin ya yi daidai, amma ya ce ba shi da amfani. Sai a 1572 Bombeli ya shimfiɗa ƙa'idojin tara su da ɗebe su. Duk da haka, a 1637 Dekart na Faransa ya kira irin su lambobin zato.

Wanda ya warware kullin ma'aunin filaye ne, Kaspar Wesel ɗan Norwe, a takardar da aka buga a 1799. Ya nuna tagwayen lamba tafiya ce: ɓangaren farko taku zuwa gabas, mai i ɗin taku zuwa arewa. Ba a kula da aikinsa ba sai bayan kusan shekara ɗari. An fassara shi da Faransanci a 1897, shekara biyu kafin Faransawa su ci Damagaram.

Na ja yarinyar zuwa gonar gero. Ta yi taku 3 gabas da 2 arewa, wato 3 + 2i. Ta ƙara 4 gabas da 1 arewa, wato 4 + i. Na tambaye ta inda take. Ta ce 7 gabas, 3 arewa: 7 + 3i. Ɗebewa kuwa komawa baya ce: ta koma 4 yamma da 1 kudu, sai ga ta a 3 + 2i. Gabas da gabas ake haɗawa, arewa da arewa, kamar yadda ba a auna gero da wake a tiya ɗaya.

Yau da waɗannan lambobi injiniyoyi ke lissafin wutar lantarki. Malamai, kafin ku rubuta i a allo, ku fita da yara fili su taka. Iyaye kuma, abin da ya ɗauki masana fiye da shekara 250, kada mu yanke wa yaro hukunci a kansa cikin mako ɗaya.