Shakil Badayuni

Shakil Badayuni (1916 zuwa 1970) mawaƙin Urdu ne, haifaffen garin Badayun a jihar Uttar Pradesh ta Indiya. Ya yi karatu a Jami'ar Musulmi ta Aligar, inda ya fara suna a dandalin mushaira, taron da mawaƙa ke rera baitocinsu a gaban jama'a. Gwanintarsa a waƙar gazal take, salon da Mir Taki Mir da Mirza Galib suka ɗaukaka tun kafin zamaninsa.

A 1944 ya koma Bombay, ya haɗu da makaɗi Naushad. Tare suka yi waƙoƙin finafinan Baiju Bawra (1952), Mother India (1957) da Mughal-e-Azam (1960). Ta wannan hanya kalmominsa suka iso ƙasar Hausa, domin an shafe shekaru ana nuna Mother India a silimomin Kano, mutane suna bin waƙoƙin da baki ko da ba su jin yaren. Kaɗan ne suka san sunan wanda ya tsara su, abin da bai kamace shi ba ko kaɗan.

Ya ci kyautar Filmfare ta marubucin waƙa sau uku a jere, daga 1961 zuwa 1963. Ya rasu a Bombay ranar 20 ga Afrilu, 1970.