Daga sakiya zuwa allurar da ke ƙona ƙari a cikin ƙashi

In kana zaune a Kura ko Bunkure, ko ka taɓa noman rani a Kadawa, kukan ciwon ƙafa ba baƙo ba ne a kunnenka. Wanda ya yini tsamo-tsamo cikin ruwan shinkafa ai dole jikinsa ya yi tsami. Amma akwai wani ciwon daban. Da rana ya lafa, cikin dare ya tashi yaro daga barci, kuma wuri guda yake nunawa a cinya ko ƙwauri. Da ya sha asfirin daga kyamis sai ya ɗauke kamar an zare ƙaya, gobe da dare ya dawo. Haka za a kwashe watanni.

A 1935 wani likita a birnin New York na Amurka, Henry Jaffe, ya bayyana wannan cuta ya kira ta ostiyoyid ostiyoma. Ƙari ne a cikin ƙashi, ba ciwon daji ba, kuma ba ya yaɗuwa. Ƙwayarsa da wuya ta wuce santimita 1.5, wato kamar gyaɗa, sai dai tana fitar da sinadarin furostagilandin mai yawa, wanda ke hura wa jijiyoyi wuta. Shi wannan sinadarin ne asfirin ke tarewa. Ya fi kama yara da samari, maza fiye da mata.

To a lokacin Jaffe maganinsa wuƙa ce, kuma nan matsalar take. Ƙashin da ke kewaye da ƙwayar kan yi kauri ya ɓoye ta, likita ya buɗe ƙafa ya rasa takamaiman inda take. Sai a yanke guntun ƙashi babba don kada a kuskure ta. Ka auna abin: makonni a kan sanda, ga fargabar karaya, ga kakar noma ta wuce.

Shi kuwa magani da zafi tsohon abu ne, mu ma muna da namu. Ka san sakiya: a sa ƙarfe a wuta ya yi ja, a soka wa kumburi. Likitan Andalus Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, da bayanin ƙuna da ƙarfe ya buɗe sashen tiyata na littafinsa At-Tasrif. Sai dai jan ƙarfe daga fata yake fara ɓarna, kuma mai riƙe da shi laluben duhu yake yi. Ga ƙari da ke can cikin ƙashi, tabo kawai za a samu, wani lokacin har da gyambo.

Abu biyu suka canza lissafin. Na farko, a wajajen 1891 Bafaranshe d'Arsonval ya nuna cewa lantarki mai saurin kai-komo kan ratsa jiki ya ɗumama shi ba tare da fizgar tsoka ba. Na biyu shi ne ido: a 1971 aka fara ɗaukar hoton majinyaci a Landan da na'urar CT ta Godfrey Hounsfield, wadda ke nuna jiki yanka-yanka kamar an yanka burodi. A irin wannan hoton ƙwayar ba ta da wurin ɓuya.

A 1992 Daniel Rosenthal da abokan aikinsa a asibitin Massachusetts General da ke Boston suka wallafa rahoton majinyata huɗu da suka haɗa musu abubuwan biyu. Ga yadda ake yi har yau. A sa majinyaci barci, a huda ƙashi da siririn bututu ana duba hoto mataki-mataki, har bakin allura ya zauna a tsakiyar ƙwayar. Sai a saki lantarki, naman da ke kewaye da bakin allurar ya kai digiri 90 na zafi na kimanin minti 6. Abin da ke mutuwa bai fi faɗin santimita ɗaya ba. Kusan tara cikin goma kan rabu da ciwon a karo na farko, da yawa a ranar suke komawa gida. In ƙarin na dab da laka, babbar jijiya, fata, ko wurin da ƙashin yaro ke tsawo, sai an yi takatsantsan, wani lokacin ma tiyata ce ta fi.

Kada fa ka karanta wannan ka yanke wa yaronka hukunci a gida. A ƙasarmu ciwon ƙashi na iya zama amosanin jini, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga ɓargo, ko ciwon dajin ƙashi, kuma kowanne da nasa magani. Shi ma ƙarin da muke magana yakan mutu da kansa bayan shekaru, amma shan ƙwayoyin kashe zafi kullum na tsawon wannan lokaci na iya jawo olsa ko taɓa ƙoda. Daga Kura zuwa Kano tafiyar kamar kilomita 30 ce, kuma Asibitin Ƙashi na Dala na nan tun 1959. In ka je, ka gaya wa likita abu uku: ciwon na dare ne, wuri guda yake, kuma asfirin na kwantar da shi. In hoton ƙashi na farko bai nuna komai ba alhali ciwon na nan, ka tambaye shi batun hoton CT.