Tarihin yaƙi da murzuna

Kowane manomi ya san murzuna, tsutsar nan mai bin zangarniyar hatsi tana zagayawa, tana yanke fure, ta bar ƙaiƙayi. Da can ɓarnarta kaɗan ce. Bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974 ne ta yi ƙarfi a ƙasashen Sahel, har da Nijar. A mugunyar shekara takan cinye fiye da rabin amfanin gona.

Da farko feshin magani aka gwada. Amma magani da tsada, gonakin hatsi da faɗi, tsutsar kuma tana ɓoye cikin zangarniya. Ga shi guba ba ta zaɓe: tana kashe maɓarnaci, ta kashe mai cin maɓarnacin.

Sai masana suka lura da wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sunansa na boko Habrobracon hebetor. Ba baƙo ba ne, ɗan ƙasa ne. Macen tana harbin murzuna ta sandare, sannan ta yi ƙwai a jikinta. In ƴaƴan suka ƙyanƙyashe, sai su cinye ta. Aibinsa ɗaya: ba ya yawaita sai damana ta yi nisa, ɓarna ta riga ta auku.

Dabarar ita ce a kiwata shi, a sake shi da wuri. A shekarar 2006 aka soma wannan aiki a Nijar da Mali da Burkina Faso. A nan gida, masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka ja gaba, tare da ma'aikatar kare tsirrai mai cibiya a Yamai.

Ga yadda ake yi. Ana samun ƙaramin buhun algarara, a zuba hatsi da gari kaɗan, da tsutsar da ke cin hatsin ajiya guda 25, da macen ƙwaron guda 2. Ana ajiye buhu 15 kewayen gari lokacin da hatsi ya fara fitar da kai. Bayan kwana 8 ko fiye, sababbin ƙwari suna fitowa ta ƙofofin saƙar buhun, su bazu cikin gonaki har wajen kilomita 5.

Abin da ya fi burge ni, ƙwaron bai san iyakar gona ba. Buhun da aka rataya a gonar mai gari yana tsaron gonar talaka. Don haka a wasu garuruwa manoma suka kafa ƙungiyoyi, suna kiwon ƙwaron da kansu, suna sayar da buhunan kafin hatsi ya yi fure.