Maganaɗisu da Ciwon Gaɓɓai: Maganin da Aka Shafe Fiye da Shekara 200 Ana Gwadawa

Mai karatu, wataƙila ka taɓa cin karo da tallan awarwaro, ko ɗamara, ko shimfiɗar cikin takalmi mai ɗauke da maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Masu tallan kan ce yana maganin amosanin gaɓɓai da sanyin ƙashi, kuma yana sa jini ya gudana sosai. Hujjarsu mai sauƙin shiga kai ce: akwai ƙarfe a cikin jini, maganaɗisu kuwa yana jan ƙarfe, don haka zai jawo jini zuwa inda ke ciwo. To, wannan magana ta daɗe a duniya, kuma an sha gwada ta. Hasali ma, wajen gwada irinta ne likitoci suka fara koyon dabarar da ake tantance kowane magani da ita a yau. Ga yadda abin ya faro.

Dutsen da ke jan ƙarfe

Mutanen dā sun san wani baƙin dutse da ke jan ƙarfe ba tare da ya taɓa shi ba. Akasarin masana na danganta sunansa da wani yanki na tsohuwar Girka da ake kira Magnesiya. Daga Girkanci sunan ya shiga Larabci, daga nan ya iso Hausa ya zama maganaɗisu. Thales, masanin Girka da ya rayu wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa ya yi dutsen na da rai, tunda yana motsa ƙarfe. Ka ga kuwa abin da ke aiki daga nesa ba a ganin hannunsa, ba wuya mutane su ɗora masa wasu ayyukan.

A ƙarni na 16, likitan nan Paracelsus, haifaffen Suwizalan, ya yi tunanin cewa tunda dutsen na jan ƙarfe, zai iya jan cuta daga jiki. Ya riƙa amfani da shi wa masu farfaɗiya da wasu cututtuka. A 1600 sai William Gilbert, wanda ya zama likitan Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila, ya fitar da littafinsa a kan maganaɗisu. Shi Gilbert gwadawa yake yi kafin ya yarda. A zamaninsa an yi imani cewa tafarnuwa na kashe ƙarfin maganaɗisu, ya nuna ba haka ba ne. Ya kuma soki masu niƙa dutsen su zuba a maganin shafawa wai don ya zaro kan kibiya daga rauni, domin garin da aka niƙa aka cuɗa ba ya jan komai.

Mesmer da bishiyar da ba a taɓa ba

A 1774, a birnin Vienna na Ostiriya, wani likita mai suna Franz Anton Mesmer ya karɓi wasu maganaɗisu na ƙarfe daga masanin taurari Maximilian Hell. Ya ba wata majinyaciya wani haɗi mai ƙarfe ta sha, sannan ya ɗora mata maganaɗisun a jiki. Ta ce ta ji kamar wani abu na gudana a cikinta, kuma ta samu sauƙi na ɗan lokaci. Ba a daɗe ba Mesmer ya lura cewa ko babu maganaɗisun, in ya shafa hannu kawai, sakamakon ɗaya ne. Nan fa ya kamata ya tsaya ya yi tambaya. Shi kuwa sai ya yanke cewa ƙarfin a jikinsa yake, wani ruwa ne marar ganuwa da ke ratsa duk mai rai.

A 1778 ya koma birnin Paris, kasuwarsa ta buɗe. Masu kuɗi da 'yan fada suka riƙa zama kewaye da wani babban baho na katako mai ruwa da ɓarɓashin ƙarfe, kowa na riƙe da sandar ƙarfe yana dangana ta a inda ke masa ciwo. Wasu su yi kuka, wasu su suma, da yawa su tashi su ce sun warke.

A 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike. A ciki akwai Benjamin Franklin, jakadan Amurka a Faransa, da Antoine Lavoisier, babban masanin sinadarai. Kwamitin bai tsaya musu kan ko mutane na jin sauƙi ba. Tambayarsu ita ce: me ke kawo sauƙin? Sai suka riƙa rufe wa mutane ido. A lambun gidan Franklin, almajirin Mesmer mai suna Charles d'Eslon ya sa wa wata bishiya wannan ƙarfi da suke faɗa. Aka kawo yaro ɗan shekara 12 da ido a ɗaure, aka riƙa kai shi wajen wasu bishiyoyin dabam yana rungumarsu. A ta huɗu ya faɗi sumamme, alhali bai ko kai ga wadda aka yi wa aikin ba. Haka aka yi ta samu: wanda aka ce ana yi masa aikin yakan ji tasiri ko ba a yi komai ba, wanda aka yi masa a ɓoye kuwa ba ya jin komai. Kwamitin ya kammala cewa tunanin mutum ne ke aikin. Masana tarihi na lissafa wannan cikin gwaje-gwajen farko da aka ɓoye wa majinyaci abin da ake ba shi.

Sandunan katako a Bath

Shekara 12 bayan haka, a 1796, wani likita a jihar Connecticut ta Amurka, Elisha Perkins, ya yi rajistar wasu 'yan sanduna biyu na ƙarfe, tsawon kowace kamar inci uku. Waɗannan ba maganaɗisu ba ne, amma da'awar iri ɗaya ce: in aka goga su a gaɓar da ke ciwo, suna zuƙe mugun lantarkin da ke haddasa sanyin ƙashi. Ɗansa ya kai su Landan, aka yi ta saye da tsada.

A Janairun 1799, likita John Haygarth ya sa aka sassaƙa irinsu da katako, aka yi musu fenti har ba ka bambancewa. A asibitin birnin Bath ya gwada su a kan mutum biyar masu daɗaɗɗen ciwon gaɓɓai. Huɗu suka ce sun samu sauƙi. Washegari aka yi amfani da na ainihin, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira filasibo a yau: sauƙin da mutum ke ji saboda ya sa rai, ko da abin da aka ba shi holoƙo ne.

Inda maganar jini ta shigo

In ka lura, kowane zamani da irin bayanin da ake liƙa wa maganaɗisu, gwargwadon ilimin da ake yayi. Da farko rai ne, sai ruwa marar ganuwa, sai lantarki. Da labari ya bazu cewa akwai ƙarfe a cikin jini, sai masu talla suka koma can. A ƙarshen ƙarni na 19, wani mai suna C. J. Thacher a birnin Chicago ya riƙa aika wa mutane huluna da riguna da shimfiɗar takalmi masu maganaɗisu ta gidan waya. A shekarun 1920 kuma Gaylord Wilshire ya sayar da wani ƙaton zobe na waya da ake jona wa lantarki a rataya a jiki, wai yana gyara ƙarfen da ke cikin jini.

Amma masana sun riga su duba wannan. A 1845 Michael Faraday ya gwada busasshen jini, ya tarar maganaɗisu ba ya jan sa. A 1892, likita Frederick Peterson da injiniya Arthur Kennelly sun yi amfani da manyan maganaɗisun lantarki a ɗakin binciken Thomas Edison. Sun gwada jini, da dabbobi, da mutane, ba su ga wani sauyi ba. A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka bayyana yadda abin yake dalla-dalla.

Ƙarfen da ke jikin babban mutum gaba ɗaya bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. Mafi yawansa na cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Ƙusa na manne wa maganaɗisu ne saboda ƙwayoyin zarrar ƙarfenta suna cunkushe wuri guda, suna iya fuskantar gefe ɗaya gaba ɗayansu. A cikin jini kuwa kowace ƙwayar ƙarfe a ware take, a kulle cikin babban sinadari. Pauling da Coryell sun nuna cewa jinin da ke ɗauke da oksijin, maganaɗisu ɗan ture shi ma yake yi. Wanda ya sauke oksijin ɗinsa yana ɗan jawuwa, amma kaɗan ƙwarai, yadda ba zai sauya gudun jinin da zuciya ke harbawa ba.

Ga hujjar da za ka iya riƙewa. Na'urar MRI ta asibiti na da ƙarfin tesla 1.5 zuwa 3, ta ninka maganaɗisun awarwaro sau da yawa, har tana iya fizgo tukunyar oksijin daga gefen ɗaki. Kullum mutane na shiga cikinta su fito da jininsu a inda yake. Sannan ƙarfin ƙaramin maganaɗisu na raguwa da sauri in an ɗan matsa daga gare shi. Gwada wanda ake liƙa wa firji: sa 'yan takardu a tsakani, za ka ga ya faɗi. Gaɓar ƙugu kuwa tana can ƙarƙashin fata da kitse da tsoka.

Gwajin zamaninmu

A shekarun 1980 aka ƙirƙiro maganaɗisun niyodimiyam, ƙanana masu ƙarfi, sai kasuwar ta sake tashi. A 1997 wani ƙaramin bincike a kwalejin likitanci ta Baylor da ke Amurka, a kan mutum 50 masu ciwo bayan shan inna, ya nuna alamar amfani, masu talla suka yi ta yayata shi. A 2004, a Ingila, an gwada awarwaro a kan mutum 194 masu ciwon gwiwa da ƙugu na tsawon mako 12. Masu awarwaron ainihi sun fi samun sauƙi kaɗan, amma masu binciken da kansu suka ce ba su tabbatar ko maganaɗisun ne ko sa rai ba. Matsalar ita ce, rufe ido a nan yana da wuya. Da mutum ya kusantar da allura ko mukulli zai gane wanne aka ba shi.

A 2007 Max Pittler da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka auna su tare. Ba su sami hujjar cewa maganaɗisu na rage ciwo ba, sai dai sun ce bayanan da ke akwai kan ciwon zaizayewar guringuntsi ba su kai a yanke hukunci ba. A 2013 Stewart Richmond na Jami'ar York ya gwada mutum 70 masu amosanin gaɓɓai mai kumburi. Kowa ya sa abubuwa huɗu bi da bi, mako biyar-biyar: maganaɗisu mai ƙarfi, mai rauni, wanda aka kashe ƙarfinsa, da awarwaron jan ƙarfe. Babu wanda ya rage ciwo ko kumburi fiye da sauran.

Duk da haka maganaɗisu na da gurbinsa a asibiti. Ɗan bambancin nan da Pauling ya gano shi Seiji Ogawa ya yi amfani da shi a 1990, aka samu hanyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana aiki. A 2008 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai harba maganaɗisu mai saurin sauyawa don jinyar ciwon damuwa. Ita wannan tana haifar da lantarki a cikin jijiyoyi ne saboda sauyawar da take yi. Dutsen awarwaro kuwa a tsaye ƙarfinsa yake.

To, waɗanda suka ce sun ji sauƙi fa?

Ba ƙarya suke yi ba. Ciwon gaɓɓai tashi yake ya lafa, kuma mutum yakan sayi magani ne a lokacin da ciwon ya yi tsanani, wato dab da lokacin da zai sassauta da kansa. Ɗamarar da ke riƙe da maganaɗisun tana ɗumama gwiwa tana tallafa mata. Sa rai ma na rage zafin da mutum ke ji da gaske. Abin da ba ya yi shi ne dakatar da cutar.

Nan ne haɗarin yake. Amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda garkuwar jiki ke haddasawa, yana cinye gaɓa ne a hankali, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Magunguna irin su metotireksat na rage ɓarnar in an fara da wuri. Ciwon zaizayewar guringuntsi kuma, motsa jiki da rage ƙiba da maganin ciwo ne aka tabbatar suna taimakawa. Shi kuwa abin da ake kira rashin gudanar jini a ƙafa, sau da yawa toshewar jijiyoyin jini ne, mai alaƙa da ciwon suga, hawan jini da shan taba. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa, ko ya sami gyambon da ya ƙi warkewa, in ya shafe watanni yana jiran shimfiɗar takalmi ta yi aiki, yana iya rasa ƙafar. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kuma ya nisanci maganaɗisu, domin yana iya rikita ta.

Saboda haka in an kawo maka irin wannan kaya, ko an kai wa iyayenka, tambaya ɗaya ta wadatar, ita ce wadda Franklin da Haygarth suka yi: an gwada shi da na bogi mai kama da shi, ba tare da majinyaci ya san wanne ne a jikinsa ba? Game da maganaɗisu an gwada, kuma ka ji yadda ta kaya. In kuwa gaɓa ta kumbura, ko tana sandarewa da safe, ko ƙafa na ciwo in an yi tafiya ta lafa in an tsaya, a garzaya asibiti tun da sauran lokaci.