Ɗurin hannu da harsashin Turawa a ƙasar Haɗeja

Har gobe a ƙauyukan Malam Madori da fadamun kogin Haɗeja ana ganin maharbi da bindigar toka a kafaɗa. Idan zai yi ɗuri sai ya zuba albarushi a tafin hannu, ya auna da ido, ya juye a bakin bindiga, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, sannan ya bi da gutsattsarin dalma ko ƙarfe. Ɗurin safe da na yamma ba sa zama ɗaya, ga shi albarushi yana shan laima da damina. A ganina wannan rashin daidaito na ɗuri yana cikin manyan abubuwan da suka raba mayaƙan ƙasar Hausa da sojan Turawa a farkon ƙarni na 20, ko da yake ba a cika ambatonsa ba idan ana ba da labarin yaƙin Haɗeja.

Turawa sun san da haka tun da wuri. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsasansu cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogi masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Sarakuna ba su zauna haka nan ba. Tun kafin wannan yarjejeniya Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a birninsa, Rabe kuma da ƙarfin bindiga ya ci Borno a 1893. To amma bututun bindigar toka sumul yake a ciki, dalma tana fita tana kaɗawa, kuma kowane harbi yana barin tokar da ke sauya na bayansa. Ita kuwa bindigar sojan Gwamna Lugga tana da tsaga mai murɗawa da ke sa harsashi ya tafi yana juyawa, harsasan kuma daga masana'anta suke, nauyinsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya. Sojan da ya koyi saiti a bariki ya san inda harsashinsa zai faɗa a fagen fama. Haka aka haɗu a Afrilun 1906, lokacin da Kanar Lowry Cole ya jagoranci rundunar da ta shiga Haɗeja, inda Sarki Muhammadu ya faɗi tare da manyan jarumansa, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada.

Wani zai ce ai igwa da bindiga mai ruwa, wato Maxim, su suka yi aikin, kuma Haɗejawa da dawaki da takobi da kibau suka fi dogara. Gaskiya ne, sai dai bindiga mai ruwa ba ta iya zubar da ɗaruruwan harsasai a minti ɗaya sai idan kowane kwanso ya yi daidai da ɗan'uwansa. Ɗaya ya kauce, ta cije. Ƙarfinta na masana'anta ne. Dogaro da doki kuwa ba wauta ba ce, domin mahayi yana iya cim ma mai bindigar toka kafin ya gama ɗuri na biyu.

Hujjar masu musu da ta fi ta igwa ƙarfi daga Amurka take, inda masu gasar harbi da yawa suke ɗura harsasansu da hannu, suna kuma samun saitin da ya fi na harsashin kanti. Amma a duba yadda suke yi. Kwanso da dalma da albarushi duk na masana'anta suke saye, su auna a kan ƙaramin sikeli mai gane ƙwaya ɗaya, su gwada, su rubuta, su sake gwadawa har su dace da abin da bindigar take so. Abin da suka fi kamfani da shi awo ne, kuma awon shi ne abin da tafin hannu ba ya bayarwa.

Maharbin fadama bai jahilci wannan ba. Shi ya sa ba ya harbin nesa. Yakan yi sanɗa cikin kacalla har ya kusa da garken dinya, ya bar wa warwatsuwar dalma sauran aikin. A farauta wannan dabara tana kawo nama gida, amma a fagen yaƙi da sojan Turawa ba ta isa ba.